Hayaƙin tabar surukina da tarin 'yata: da gaske yana taɓa wanda bai sha ba?

UmmuSiddiƙa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya ishe ni.

'Yata watanta 8. Tun shigowar sanyin nan tari ya kama ta, ya tafi ya dawo, sau uku ke nan. Na ƙarshen nan da daddare ƙirjinta har wani sauti yake yi kamar kukan 'yar kyanwa, a zaune muka kwana. Da safe muka kai ta asibiti, aka sa mata abin turara magani a hanci, ta samu sauƙi. Muna haɗa kaya za mu fito sai nas ɗin ta ce min, “Akwai mai shan taba a gidanku?” Na sunkuyar da kai. Ta ce shirun nan ya ba ta amsa.

Gaskiyar magana mahaifin maigidana ne. Tun rasuwar Inna bara suka dawo wurinmu da zama, ƙofar ɗakinsu na kallon tamu. Baba mutumin kirki ne, ban taɓa jin sun ɗaga min murya ba. Kuma duk gidan babu wanda suke ji da shi kamar yarinyar nan, “amaryata” suke ce mata. Da sun dawo daga sallar asuba za su aiko a kai musu ita, ta zauna a cinyarsu tana jan gemunsu, ga kofin shayi a gefe, ga sigari a hannu. In sun lura hayaƙin ya nufi fuskarta sai su kau da kai su busa gefe, ko su kore shi da hannu. In na karɓo ta, rigarta da gashinta duk warin taba.

Tambayata ita ce, da gaske hayaƙin da wani ya busa zai iya jawo irin wannan ciwon, ko dai sanyi ne da ƙura kawai? Tagar ɗakin a buɗe take fa koyaushe. Don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya, kada a ɓoye min don a kwantar min da hankali.

Maman_Walid:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni ba ni da ilimin abin, amma ko babba ya zauna kusa da mai busa taba sai ya ji maƙogwaronsa na ƙaiƙayi, balle jaririya.

Ɗan_Kurna:
'Yar'uwa ki kwantar da hankalinki, hunturu ne. Yanzu wane gida ne babu mai tari? Kakanmu lofe yake sha tun muna yara, a zaurensa muka yi karatun allo, sai da ya haura shekara 90 ya rasu, mu kuma ga mu nan garau. Kada ki je ki ɓata tsakaninki da surukinki a kan zato.

Sista_Ladi:
Ɗan_Kurna ka yi haƙuri, a nan ba na tare da kai. Shekarata 12 ina aiki a ɗakin yara, kuma tambayar da aka yi wa baiwar Allah nan ni ma kusan kullum sai na yi wa wata uwar.

UmmuSiddiƙa, kin ce a faɗa miki gaskiya. Babu wanda zai zauna a waya ya rantse miki cewa tabar ce kaɗai ta kawo tarin, don mura da ƙura duk suna yi. Abin da aka tabbatar shi ne yaron da ke shaƙar hayaƙin taba ya fi saurin kamuwa da ciwon ƙirji da limoniya, ya fi yawan ciwon kunne, in kuma yana da asma takan riƙa tashi akai-akai, ta kuma fi tsanani. Ga jariran da ba su kai shekara ba akwai abin da ya fi wannan ban tsoro, mutuwar farat ɗaya cikin barci, a kwantar da yaro lafiya lau a wayi gari babu shi. Hayaƙin taba na cikin abubuwan da aka san suna ƙara haɗarin hakan.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ke in kina zaune numfashinki ba ya wuce sau 12 zuwa 20 a minti. Yarinya kamar taki takan yi 30 zuwa 40. Ga hanyoyin iskar huhunta sirara ne, da sun ɗan kumbura sai su tsuke, shi ne kukan kyanwar da kika ji. Sannan ita ba ta da ƙafar da za ta tashi ta bar wurin.

Ki riƙe wannan daga yau. In tarin ya dawo, ki ɗaga rigarta lokacin da take kwance shiru, ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur da agogon waya. In ya kai 50 ko ya wuce, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki in ta ja numfashi, ko ta ƙi kama nono, kada ki tsaya kemis. Asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.

Baban_Ikram:
Ni mashayi ne, ba zan ɓoye ba, shekara 15 ke nan. Maganar Sista ta tayar min da hankali don matata na da ciki wata 6. A falo nake sha bayan cin abincin dare, amma ina buɗe taga in kunna fanka. Wannan bai wadatar ba?

Malamin_Kimiyya:
Baban_Ikram, kafin Sista ta dawo bari in sa baki, don abin ya shafi darasin da nake koyarwa a sakandare. Hayaƙin da ke cika ɗaki iri biyu ne. Akwai wanda ka zuƙa ka fesar, akwai kuma wanda ke tashi da kansa daga bakin karan yana ci a tsakanin yatsunka. Na biyun nan shi ya fi yawa a ɗaki. Bai bi ta audugar gindin sigarin ba, kuma da yake wutar a hankali take ci, ba ta ƙone abubuwan da kyau, wasu gubobin sun fi yawa a cikinsa a kan wanda kai ka zuƙa. An gano sinadarai sama da 7,000 a hayaƙin taba, kusan 70 daga ciki an san suna haddasa ciwon daji. Akwai benzin, irin wanda ke cikin fetur. Akwai kabon monoksaid, iskar nan marar wari da ke kashe iyali guda in an kwana da janareta a rufe.

Fanka ba ta fitar da hayaƙi, juya shi take yi ta raba wa kowane lungu. Taga kuwa tana rage wanda ido ke gani ne, ƙananan ƙwayoyinsa sukan yi awanni suna yawo a ɗaki bayan an kashe tabar. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan na wannan hayaƙi da za a ce ba ya illa.

Sista_Ladi:
Malam ya gama maka bayani. Abin da zan ƙara, mai ciki in tana shaƙa, abin da ke cikinta ma yana samun rabonsa ta jini. Iskar da Malam ya ambata tana kama gurbin oksijin a jini, sai abin da ke isa ga ɗan ya ragu. Shi ya sa ake samun yaro ya zo ba shi da nauyi, wani lokacin ma bakwaini. Tunda ka iya fitowa ka faɗa a gaban jama'a, za ka iya fita ƙofar gida ka sha. Daga daren yau, ba sai ta haihu ba.

Direban_Dare:
Wannan magana ta taɓa ni ta wani wajen. Babbar mota nake ja, Kano zuwa Legas, kuma yawancinmu taba ce ke riƙe mana ido da daddare. Lokacin sanyi gilas a rufe yake tun daga Zariya har gari ya waye. Akwai yaron motata da muka yi shekara huɗu tare, ko goro ba ya ci. Kullum in mun tsaya sallar asuba sai ya yi ta kakari yana tofar da majina, ni kuma in ce masa raki ne ya yi masa yawa. Ranar da ya ce zai bar aikin ya koma gida noma, ya ce min, “Oga, ba kai na gaji da kai ba, ƙirjina ne ya gaji.” Sai yanzu nake ganin kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Ni ke samun wartsakewar, shi ke kwasar tarin. In Allah ya haɗa mu sai na nemi gafararsa.

Ɗan_Kurna:
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar kakana. In abin haka yake da mu ma mun gani a jikinmu.

Malamin_Kimiyya:
Ɗan_Kurna, akwai wanda ya shekara 30 yana hawa babur ba hular kwano bai taɓa fasa kai ba. Hakan bai sa mu ce kwalta ba ta fasa kai ba. Gida ɗaya ba ya nuna haɗari, sai an tara gidaje dubbai.

An kuwa tara. Wani likita ɗan Japan mai suna Takeshi Hirayama ya bi matan aure sama da 90,000 waɗanda ba sa shan taba, tsawon shekaru. A 1981 ya fitar da sakamako: matan da mazajensu ke sha sun fi mutuwa da sankarar huhu a kan waɗanda mazajensu ba sa sha, kuma gwargwadon yawan abin da mijin ke sha, gwargwadon ƙaruwar haɗarin. An yi ta musanta shi a lokacin, amma binciken da aka yi ta yi daga baya a ƙasashe daban-daban ya gaskata shi. Abin da aka tsaya a kai yanzu, wanda ba ya sha amma yake zaune da mai sha a gida ko wurin aiki, haɗarin sankarar huhu yana ƙaruwar masa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, na ciwon zuciya kuma da kashi 25 zuwa 30.

Na zuciyar nan mutane ba su san shi ba, kowa huhu yake tunani. Hayaƙin yana sa jini saurin daskarewa, yana kuma taɓa fatar cikin jijiyoyi, har an auna an ga canjin bayan zaman rabin awa kacal a cikinsa. A Sikotland da aka hana sha a wuraren taruwa a 2006, masu zuwa asibiti da bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin 100 a shekarar da ta biyo baya, kuma akasarin ragin a cikin waɗanda ba sa sha aka same shi. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023, mutum kusan miliyan 1.3 ke mutuwa duk shekara saboda tabar da ba su suka sha ba.

Sannan ka tambayi kanka, kakarka da ta kwana ɗaki ɗaya da shi, da wane ciwo ta yi fama a tsufanta?

Inna_Ta_Gaya:
Ku 'yan birni kuna ta maganar kara ɗaya na sigari. Mu nan tun safe har dare a cikin hayaƙin itace muke, da goyo a baya, ɗakin girkin ma bangonsa ya yi baƙi ƙirin. In damina ce itacen ɗanye, sai ka yi ta hura wuta hawaye na zuba. Wannan ba wanda ya ce komai a kansa.

Sista_Ladi:
Inna, wallahi kin yi gaskiya, kuma ba ƙaramin abu kika taɓo ba. Hayaƙin girki da itace da gawayi da kara yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara a duniya, mata da ƙananan yara kuma su suka fi shaƙarsa. Duk wadda za ta iya, ta yi girki a fili, ta sauke goyon ta ba wani kafin ta hura wuta. Amma bambancin shi ne tuwo dole ne a tuƙa shi, sigari kuwa ba dole a kunna shi a kan yaro ba. Yaron da ke shaƙar biyun kuma kaya biyu aka ɗora masa.

Hajiya_Mai_Turare:
To ni sana'ata turaren wuta, kada ku zo kaina. Tun kaka da kakanni ake turara ɗakin mai jego, ba mu ji ya kashe kowa ba.

Maman_Walid:
Hajiya ba wanda ya ce a daina. Ni dai da ɗana yana da asma likita ya ce in turara ɗaki lokacin da ba ya ciki, in bar hayaƙin ya fita kafin in shigo da shi. Haka ma maganin sauro na kunnawa, muka koma gidan sauro. Ƙamshin yana nan, yaron kuma yana barci.

UmmuSiddiƙa:
Na gode ƙwarai, Sista Allah ya saka da alheri, na rubuta abin ƙirga numfashin na manna a bango. Yanzu na gamsu. Amma matsalata ta fi ta da girma. Ta yaya zan faɗa wa Baba? Ni ko haɗa ido ba na yi da su, a durƙushe nake gaishe su. Na yi wa Abban Siddiƙa maganar daren jiya, ya yi shiru ya yi shiru, can ya ce, “Tun ina yaro yake sha, yanzu da ya rasa matarsa zan ce masa kada ya ɗauki jikarsa?” Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na bar maganar. Yau da asuba da aka aiko na ce tana barci, alhali idonta biyu. Ƙarya na yi, kuma ba zan iya yin ta kullum ba.

Almajirin_Zaure:
Malama, ta fuskar addini maganar a fili take. Hadisi na 32 a cikin Arba'una na Imam Nawawi yana cewa babu cuta babu cutarwa. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya kusanci masallaci saboda kada warin ya dami mutane. In wari kaɗai ya kai a hana, ina ga abin da ke sa yaro kwana a asibiti? Malamai sun yi saɓani a da kan hukuncin shan taba shi kansa, amma ban san wanda ya halatta cutar da wani da ita ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, yadda ake faɗinta ga mahaifi daban ne. Ki duba Suratu Maryam, yadda Annabi Ibrahim ya yi wa mahaifinsa magana a kan abin da ya fi taba girma nesa ba kusa ba, sau huɗu yana buɗe magana da “ya babana”. Maigidanki shi ke da haƙƙin yin maganar, kuma yin ta ba saɓa wa iyaye ba ne. Kada ya ce masa ya daina sha, kada ya ce kai ka jawo. Ya ce likita ya hana a kusantar da ita kowane irin hayaƙi, har na turare da na girki, muna neman taimakonka.

Gwaggon_Yara:
Ni shawarata a bi ta hannun tsararsa. Dattijo ba ya son gyara daga ɗan da ya haifa, ko da gaskiya ce. Ba shi da ƙanwa ko yaya mace? Ko amininsa da suke zuwa masallaci tare? Mu a gidanmu ƙanwar mahaifinmu ce kaɗai ke iya shiga ɗakinsa ta faɗa masa magana ya ji. Ke kuma ki cire bakinki gaba ɗaya, kada gobe a ce matar ɗa ta raba kaka da jika.

Lauya_Gobe:
A sani dai akwai doka. Najeriya ta yi dokar taƙaita shan taba a 2015, Shugaba Jonathan ya sa mata hannu dab da zai sauka, aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Ta hana sha a motocin haya da tashoshin mota, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta ma hana sayar da kara ɗai-ɗai, sai kwali. Amma ku je teburin kowane mai shayi ku gani, kara-kara ake sayarwa, kuma yara ake aika su sayo. Ƙasar Ailan da ke Turai ce ta fara hana sha a duk wuraren aiki a 2004, su da suka yi suka tsaya a kai. Mu takarda muke da ita.

Gwaggon_Yara:
Ɗana, ko dokar ta shigo har tsakar gida, wa zai kai surukinsa ƙara? A bar maganar doka a nan.

Ɗan_Maraɗi:
Mu ma nan Nijar muna da tamu dokar tun 2006, amma ka zo fada da dare ka gani. Ana dafa shayi, mutum goma na zaune, uku na sha, bakwai na shaƙa. Kuma yanzu abin da ya fi damuna shisha ce. Samari sun ɗauka tunda hayaƙin ya bi ta ruwa kuma yana ƙamshin tuffa, to ya wanku. Ƙanena a ɗakin da suke kwana da ƙannensa yake kunna ta.

Malamin_Kimiyya:
Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya wanke shi. Zama ɗaya na shisha yakan kai awa guda, kuma yawan hayaƙin da mutum ke ja a ciki na iya kai na sigari 100. Ga gawayin da ke kanta yana ta fitar da kabon monoksaid cikin ɗakin, wanda ke kwance gefe ma yana samu. Kenya ta haramta ta a 2017, Mali a 2022. Ka raba ƙanenka da kunna ta a ɗakin kwana ko da faɗa ne.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Ghana. Nan ma dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana sha a wuraren taruwa, kuma gaskiya a cikin mota ba ka isa ka kunna ba, fasinjoji ne za su taso maka tun kafin direba ya yi magana. Abin da na lura, inda mutane suka saba buɗe baki su ce “don Allah kashe”, nan ne abin ke aiki. Mu Hausawa kunya ke cin mu.

Baban_Ikram:
Jiya na fita waje na sha, kamar yadda Sista ta ce. Da na dawo matata ta ce har yanzu tana jin warin a rigata, har ya tayar mata da zuciya. Shi ma warin yana cutarwa ne ko ƙyama ce irin ta masu ciki?

Sista_Ladi:
Madalla da ka fita, Allah ya ƙara maka ƙarfin gwiwa. Warin da take ji ragowar hayaƙin ne da ya manne a tufafi da gashi da fata. Haka yake mannewa a labule da katifa da kujera, ya daɗe. Bai kai shaƙar hayaƙin kai tsaye ba, amma ga jariri mai cusa fuska a ƙirjin mutum yana tsotsar yatsa, abin a kula ne. Ka ware riga ɗaya ta fita shan, ka cire ta a ƙofa, ka wanke hannu da baki. UmmuSiddiƙa wannan ya shafe ki, tunda kin ce gemun take ja.

Bintu_Marainiya:
Tun jiya nake karantawa ina kasa rubutu. Mahaifiyarmu ba ta taɓa sa taba a bakinta ba. Shekara 34 ta yi a ɗaki ɗaya da mahaifinmu, shi kuma kwali guda yake shanyewa a rana. Shekarunta na ƙarshe ko tsakar gida ba ta iya sharewa sai ta zauna ta huta sau biyu, da dare a jingine take barci da matashi uku. Da likita ya ga hoton ƙirjinta tambayar farko da ya yi mata ita ce shekara nawa ta yi tana shan taba. Ta yi murmushi ta ce ko ɗaya. Babanmu na tsaye a wurin. Daga ranar bai ƙara kunnawa ba, amma ita wata 7 ta ƙara a duniya. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma ta yi girkin itace ita ma. Amma har yau in ya tuna sai ya ce da wani ya faɗa masa tun da wuri. UmmuSiddiƙa, ku faɗa wa tsohon nan. Wanda ke kiran yarinya amaryarsa ba zai so ya ji daga baya ba.

Ɗan_Kurna:
Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Malam, tambayar da ka yi min kan kakata, na kira mahaifiyata na tambaye ta. Ta ce da fuka ta rasu. Ban ce tabar ce ba, amma na janye cewar da na yi zato ne.

UmmuSiddiƙa:
Bintu, na karanta wa Abban Siddiƙa abin da kika rubuta, bai ce komai ba ya ɗauki waya ya kira Gwaggo, ƙanwar Baba. Ta zo jiya da la'asar, suka daɗe a ɗaki su biyu, ban san me ta faɗa musu ba. Yau da asuba ba su aiko ba. Gabana ya yi ta faɗuwa, na ce shi ke nan sun yi fushi. Wajen ƙarfe bakwai sai na ji muryarsu a tsakar gida suna cewa a kawo musu amaryarsu nan waje. Sun shimfiɗa tabarma, sun canza riga, gemun da danshin ruwa. Da na durƙusa na miƙa ta, suka ce, “Ashe ni nake ba ta wahala ba ku faɗa min ba.” Na kasa cewa komai.

Ba su daina sha ba, na hango su a dakalin ƙofar gida bayan azahar. Kuma ɗakin nasu har yanzu in ka shiga warin na nan a labule da katifa, ga shi ta fara rarrafe, can take nufa da an ajiye ta. Sista, wanke labulen da shanya katifar a rana zai isa, ko sai an yi wa ɗakin fenti?

Amaryar_Haya:
Don Allah kafin Sista ta amsa, ni ma ga tawa. Gidan haya muke, ɗaki shida, maƙwabcinmu a bakin tagarmu yake zama ya sha kullum bayan isha'i, ɗana kuma a ƙarƙashin tagar yake kwana. Shi ba surukina ba, ba ɗan'uwana ba, kuma maigidana ba ya gari sai ƙarshen wata. Ta wa zan bi?